Gafakokin Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi. Kafin motar da na samu daga Gagarawa ta gama tsaye-tsayenta na ɗaukar buhuna ta ajiye ni a Gumel, har an kai shi an dawo, an yi la'asar. Ban ga fuskarsa ba. Abin da na tarar shi ne tabarmi a ƙofar gida, takalma jibge a bakin zaure, da wata magana da ke ta yawo a bakin masu gaisuwa wadda na kasa gane kanta.

"Ashe haka bawan Allahn nan yake, mu muna nan muna cin namansa," in ji wata tsohuwar maƙwabciyarmu, tana share hawaye da bakin mayafi. Ita ce dai wadda tun ina yarinya ba ta kiransa sai "mai majigi", tana taɓe baki.

"Wallahi kuwa," wata ta karɓe. "An ce cike da bango."

"Allah ya yafe mana. Ashe malami ne, ɓoye kansa yake yi."

Da farko na ɗauka abin da aka saba ne, mamaci ai kowa na kirki ne. Amma Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na girma bayan rasuwarta, na san iyakar karatunsa kamar yadda na san nawa. Sallarsa ba ta wuce shi, azuminsa ba ya fashi, iyakarta ke nan. Kuma bango ɗaya tak na sani a gidan nan da za a ce cike yake da wani abu.

Na ratsa mata na shiga wurin Inna, matar Kawu. Tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbi a hannu, ta riga ta shiga takaba. Ban gama yi mata gaisuwa ba ta damƙe mini wuyan hannu ta jawo ni har kunnena ya taɓa bakinta.

"Yayanki ya kwashe gafakokin," in ji ta. "Ya kai masallaci."

"Waɗanne gafakoki, Inna?"

"Ke, kar ki mai da ni mahaukaciya. Na ɗakin ƙasa. Duka. Ina nan mata sun rufe ni, sai daga baya na ji. Wai sadaka ce mai gudana. Wai jibi da safe, a addu'ar uku, za a buɗe a raba wa malamai su yi masa sauka da su."

Na zauna a wurin. Babu Alƙur'ani ko ɗaya a cikin gafakokin nan. Fina-finai ne.

Kawu ya yi aikin majigi tun yana saurayi, zamanin da ake ɗora na'ura a mota a bi ƙauyuka, yau Sule Tankarkar gobe Gagarawa Tasha, a kafa farin ƙyalle a dandali a nuna wa mutane yadda ake zuba taki da amfanin rigakafi. Aikin ya mutu, shi kuwa bai yarda ya mutu ba. Ya fara tara kaset, da kaset ya wuce ya koma faifai. Kuma ba irin wanda kowa ke kallo ba. Tsofaffin fina-finai ne, yawancinsu baƙi da fari, na ƙasashen da ko sunansu ba mu iya faɗa, cikin yarukan da shi kansa ba ya ji. Wani falke ɗan Damagaram ne ke kawo masa su kasuwar Maigatari, yana masa dariya, yana cewa duk ƙasar nan shi kaɗai ke tambayar kayan da ba mai so.

Waɗanda ya fi ƙauna su ne waɗanda yake kira wankakku. A can ƙasashen waje akwai masu ɗauko tsohon fim da ya koɗe, ya karce, hotonsa na rawa, su bi shi hoto bayan hoto suna gyarawa, sannan su sake buga shi a faifai. In irin wannan ya zo hannun Kawu, ranar ba mai sakat.

"Uwata!" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Uwata, ajiye tsintsiyar nan ki zo. Kin tuna wannan a kaset? Kamar kana leƙen mutum a cikin ruwan kwata. To dubi yanzu. Har zaren rigarsa ana gani."

Ni dai ina duba, don in ban duba ba zai yi fushi. Inna kuwa ba ta raga masa. Takan ce, "Fim ɗin kawunki, ki ɗora tukunya mutum yana tafiya, ki sauke tuwo bai iso ba." Shi kuma ya ce, "Ai shi ya sa nake son sa. Wa kika taɓa gani ya iso?" Ta ce Allah ya shirye shi, ta tura masa akushi.

Ba ya taɓa faifai sai ya wanke hannu. Ta gefe yake riƙe shi, ya goge da wani guntun tsohon rawani da ba a taɓa masa. Na taɓa ganin ya nuna wa wani babban baƙo ƙofa saboda ya ɗora kofin shayi a kan kwalin faifai. Yana yawan cewa, "Tsohon abu ba yarwa yake so ba, wanki yake so." Ya faɗa wa keke, ya faɗa wa buta, ya faɗa wa likitan da ya ce masa jikinsa ya tsufa.

Da Yaya, babban ɗansa da ke aiki can Kudu, ya so rushe ɗakin ƙasan nan a yi na bulo da kwano, Kawu ya ce sai dai a bi ta kansa. Zafin kwano, in ji shi, zai lanƙwasa masa faifai. Suka yi kaca-kaca. Yaya ya ce shekaru sun ja, ya kamata a ce carbi ne a hannun Baba ba abin latsa talabijin ba. Daga ranar bai ƙara taka ɗakin ba, in ya zo gida ma a zaure suke gaisawa. Saboda haka bai san abin da ya biyo baya ba. Ɗakin ƙasa yana da sanyi, amma yana da gara da kyankyaso, suka far wa kwalayen. Kawu ya je wurin wani tsohon baduku ya gwada masa girman abin da hannu, ya ce yana son jakar da za a rataye a bango, abu ne mai daraja. Shi kuwa baduku abu ɗaya ya iya ɗinka wa abu mai daraja mai kusurwa huɗu. Ya yi masa gafakoki sababbi fil, na jan fata, har da tuntu.

Ranar da na fara ganinsu jere a bango na tsaya ina kallonsu. Na ce, "Kawu, wallahi wata rana wannan zai jawo magana."

Ya ce, "Uwata sarkin tsoro. Wa ke shiga ɗakin nan in ba ni da ke ba?"

Ni kuwa ba tsoron banza nake ji ba, don ina nan ranar da suka yi da Liman. Limamin unguwarmu sa'ansa ne, tare suka yi karatun allo, amma ba su taɓa zama a tabarma ɗaya an tashi lafiya ba. Ranar nan a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, gaban mutane, Liman ya nuna shi da sanda ya ce, "Kai dai ci gaba da tara hotunan mutane. Ranar da za a ce ka busa musu rai, sai mu ga da wane baki za ka busa." Kawu ya ce, "Ni ban yi su ba, ajiya nake yi." Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi. Amma da ya shigo gida bai ci abinci ba. Ya daɗe zaune a bakin ɗakin ƙasa, can ya ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "Uwata, ke da kika yi makaranta, kina ganin za a tambaye ni?" Ban taɓa ganin tsoro a idon Kawu ba sai ranar.

To ga shi a hannun wannan Limamin Yaya ya danƙa gafakokin. Liman ya kulle su a ɗan ɗakin ajiya na masallaci ya jefa makulli a aljihu.

Ba sai an faɗa wa ɗan ƙasar nan abin da nake gudu ba. A ce an zauna addu'a, malamai sun yi alwala, an miƙa wa kowa gafaka, ya sumbace ta ya kwance igiya, sai ga hoton wata Baturiya kai ba ɗankwali. A cikin masallaci. Ba wanda zai tsaya tambayar ko gafakar sabuwa ce, ko ta taɓa ɗaukar Littafi. Kafin azahar maganar ta kai Maigatari, kafin la'asar ta dawo da ƙafafu da hannuwa. Na san samarin unguwarmu, yaran kirki ne ɗai-ɗai, amma na san yadda suke in sun taru an ce an taɓa addini. Inna kuwa ba inda za ta, takaba ta ɗaure ta a gidan. Shi kuma mutumin da ke kwance ba bakin kare kansa, sunan da za a bi shi da shi har jikoki ke nan.

Na yi niyyar gaya wa Yaya. Na same shi a tsakar gida, idanunsa sun kumbura. Kafin in buɗe baki ya ce, "Ƙanwata, na zalunci Baba. Na shiga ɗakin nan da niyyar in kwashe tarkacen in ƙone, sai na ga abin da na gani. Ko taɓa igiyarsu ban yi ba, ba ni da alwala. Ashe ya tuba ban sani ba." Ya fashe da kuka kamar yaro. Na tsaya ina kallonsa, ga haushi ga tausayi. Na san halinsa sarai. In na faɗa, a guje zai nufi masallaci ya ce a ɓalle ƙofa, ga masu zaman makoki cike da gindin darbejiya, kowa ya tambayi dalili. Na haɗiye maganata.

Ranar Laraba na yafa mayafi na tafi gidan Liman, ina tafe ina shirya abin da zan ce, ina rushewa. Matarsa ta ce ai tun jiya bayan la'asar ya wuce Sule Tankarkar duba 'yarsa ba ta da lafiya, sai gobe da sassafe, daga tasha wurin addu'a zai zarce. Waya fa? Ta ce Malam ba ya riƙe waya, ya ce ba a yi wanda zai kira shi daga cikin aljihunsa ba. Na dawo ta gaban masallaci, na ga ɗan ɗakin da kwadonsa. Mace ce ni, ko kusa da ƙofar na tsaya sai an tambayi abin da nake nema. Na wuce ina jin kamar kowa ya san abin da ke cikina. Duk wunin nan in aka yi sallama da ƙarfi sai in leƙa in ga ko wane ne. Duk sanda na shiga wurin Inna sai ta ɗago ta dube ni, ni kuma in girgiza kai.

Alhamis da safe aka taru. Masallacin jikin gidanmu yake, katanga ɗaya ce tsakani, na je na tsugunna a gindinta kamar mai wanke kwanuka. Ina jin tarin tsofaffi, ina jin ana shimfiɗa tabarmi. Na ji an ce, "Ga Liman nan." Aka gaisa, aka tambayi mai jiki. Sai muryar Yaya, da ɗan ƙarfi don kowa ya ji:

"Allah gafarta Malam, sai a buɗe ɗakin a fito da gafakokin Baba, a raba."

Na ji ƙarar makullai. Kwanon da ke hannuna ya suɓuce, ban ma san na sake shi ba. Na rufe ido ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, rabi da rabi, ba wadda na kai ƙarshenta.

"A'a," in ji Liman. "Waɗannan a bar su. Ba na sauka ba ne."

"Malam, ai don haka na kawo su."

"Na ji, Allah ya ba ka ladan niyyarka. Ajiya ce tsakanina da mahaifinka, na san abin da ke ciki, kai ba ka sani ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ladan, ɗauko izu-izun masallaci a raba, rana na yi."

Sai karatu ya tashi. Ina tsugunne a wurin har aka shafa. Tsoron bai tafi ba, sauya wuri kawai ya yi. Ya san abin da ke ciki? Tun yaushe? Me yake shirin yi da su?

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, duk mai ƙafa a unguwarmu can yake nufa. Bayan azahar gari ya yi tsit. Yaya ya raka baƙi tasha. Ina zaune a bakin ɗakin ƙasa sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar baya, wadda awaki ke fita ta cikinta, ba a taɓa yi mana sallama ta nan ba. Daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Buɗe masa." Ba ta tambayi ko wane ne ba.

Liman ne, yana tura tsohon kekensa, an ɗaure buhun gero a baya. Ya jingine keken daidai wani gurbi a jikin katanga da ƙarfen hannun keke ya riga ya cinye. Na durƙusa na gaishe shi.

"Tashi, 'yar nan, kama mini. Gafakokin ne a buhun, ki zazzage abin da ke cikinsu ki nema masa wani mazubi. Gafakar da ba ta taɓa ɗaukar Littafi ba fata ce, amma ba kowa ke da haƙurin jin haka ba. Na sha gaya wa kawunki, kunnen ƙashi gare shi. Yayanki kuma ki bar mini shi, da bakina zan faɗa masa."

Muka shiga da buhun. Bai tsaya neman wurin zama ba, kai tsaye ya nufi wata 'yar kujera a gefen talabijin ya zauna. Ya ce in nemo gafakar da aka ɗaura wa baƙin zare a igiya. Na samo, faifai ɗaya ne a ciki.

Sai ya ba ni labarin, yana kallon bango. Mahaifinsa ya tafi Makka da ƙafa shi yana goye, bai dawo ba, ba a kuma ji inda ya kwanta ba. Kawu yana da wani tsohon fim na alhazan da, da jimawa a kaset, mutane kamar inuwa. Da wankakkensa ya zo, sai Kawu ya ga wani dogon mutum a gefen ayari, da sanda da gora, ya juyo ya dubi mai ɗauka. A kumatunsa ga tsaga ta fito raɗau, irin ta mutanen ƙasar nan.

"Muna cikin gaba ya zo har zaurena," in ji Liman. "Bai ce mini mahaifina ne ba. Bai kuma taɓa ce mini ba shi ba ne. Cewa ya yi, zo ka ga wani mutumin garinmu. Tun daga nan, duk Alhamis ina ɗakin nan."

Na ce, "Allah gafarta Malam, maganar da ka faɗa masa a gindin darbejiya fa? Za a tambaye shi?"

Ya ce, "Kowa za a tambaye shi, 'yar nan. Ni da na faɗa, ni da na zauna a kujerar nan, kina tsammanin ba na jin tsoro?" Ya gyara zaman hularsa. "Kunna mana."

Na fita na wanke hannu. Na riƙe faifan ta gefe, na goge da guntun rawanin, na saka. Raƙuma suka fito, da mutane cikin fararen kaya, suna tafiya a rairayi ba sauti. Liman ya matso har gemunsa ya kusa taɓa gilashin, a nan na lura da farin da ya rufe masa ƙwayar ido. Haske kawai yake gani.

"Idon ya daɗe da tafiya," in ji shi, kamar ya ji abin da nake tunani. "Kawunki ne ke faɗa mini in an zo wurin."

Ayarin ya yi ta wucewa. Hannuna na kan abin latsawa, ina tsoron kada in wuce shi ban gane ba. Can sai ga shi a gefe, dogo, da sanda da gora, ya ba mu baya.

"An zo?"

"An zo, Malam."

"Ya juyo?"

Na jira. Mutumin ya ɗaga kai, ya waiwayo, ya dube mu. Na tsayar da hoton.

"Ya juyo, Malam."

Ya miƙa hannu ya shafa gilashin, can gefe, inda babu kowa sai rairayi. Na kama hannun na matsar masa da shi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sassauta masa tambaya. In kuma an zo kan hotunan nan, ya Ubangiji, ka sa a lissafa masa har da Alhamis.